Ƙulle-ƙullen Jijiyoyin Jini a Ƙwaƙwalwa: Yaya Ake Yi Idan Sun Yi Yawa?

Gabatarwa

A garinmu Agyaragu, wanda ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, idan saurayi majiyi ƙarfi ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar doya yana karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa, abin da ya fi saurin zuwa bakin jama'a shi ne iska ce ta buge shi, ko kuwa jifansa aka yi. Daga nan sai dangi su shiga yawon neman magani, yau wajen malami, gobe wajen fasto, jibi wajen mai maganin gargajiya. Ba kasafai tunani kan kai ga jijiyoyin jinin da ke cikin kai ba. Alhali kuwa a cikin masu irin wannan faɗuwa akwai waɗanda tushen matsalarsu wasu jijiyoyin jini ne da suka ƙullu ba bisa tsari ba a cikin ƙwaƙwalwa. Wani ƙulli ɗaya gare shi, wani biyar, wani goma ko fiye.

A wannan maƙala zan yi bayani ne a kan mai ƙulli da yawa, domin shi ne hankalin danginsa ya fi tashi. Ranar da likita ya duba hoto ya ce akwai guda tara, sai ka ji wasu sun ce a sayar da gona a je a cire su duka, wasu kuma su yanke ƙauna su ce a koma gida a jira ta Allah. Duka biyun akwai asara a cikinsu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, likitoci ba sa yanke shawara bisa yawan ƙullin. Wanda ya tayar da ƙura shi ake fuskanta, sauran kuma a sa masu ido.

Wace Jijiya Ake Nufi?

Kalmar "jijiya" a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa. Wadda ke ɗaukar jini jijiya ce, wadda ke kai saƙon ji da motsi jijiya ce, haka ma agara wani lokaci jijiya ake ce mata. A nan masu ɗaukar jini kawai nake nufi.

Duk wanda ya taɓa ganin noman rani zai fahimci tsarinsu. Injin ban-ruwa yana turo ruwa da ƙarfi ta babbar hanya, sai a rarraba shi ta ƙananan hanyoyi har ya shiga fangali a hankali, sannan ragowar ya bi ta magudana ya fita. Zuciya ita ce injin. Manyan jijiyoyi masu kauri su ke kai jini ƙwaƙwalwa da ƙarfi, sai ya bi ta wasu sirara waɗanda ba su kai kaurin gashi ba, ƙarfinsa ya ragu, ya ciyar da ƙwaƙwalwa, sannan wasu jijiyoyin masu laushi su mayar da shi zuciya. Inda wannan tsari ya sami tangarɗa, nan ake samun ƙulli.

Ire-iren Ƙullin

Tun a shekarar 1966 wani masani a Amurka mai suna William McCormick ya kasa waɗannan ƙulle-ƙulle gida huɗu, kuma har yau a kan wannan rabo ake ginawa. Biyu daga ciki galibi ba sa cutarwa, wato 'yar kumburar siraran jijiyoyi, da kuma jijiyar mayar da jini da ta bi hanyar da ba a saba gani ba. Wannan ta biyun ma ba a taɓa ta, domin aiki take yi, cire ta kan jawo ɓarna. Sauran biyun su ne abin dubawa.

Na farko shi ne kabanoma. Wannan curi ne na 'yan jakunkunan jini masu siririn bango, kamar ƙaramin nonon inabi, kuma jini a hankali yake tafiya a cikinsa. Yakan yi tsattsafi kaɗan-kaɗan, tsohon jinin ya bar wani abu mai kama da tsatsa a kewayensa, wannan tsatsar ce ke tsokanar ƙwaƙwalwa har farfaɗiya ta tashi. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 200 yana da kabanoma, kuma da yawa har su tsufa su mutu ba su san da ita ba.

Na biyu shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AVM, ni kuwa zan kira shi sarƙaƙiya. A nan babbar jijiya mai turo jini ta haɗe kai tsaye da mai mayarwa, babu siraran nan a tsakani, kamar a juya bakin injin ban-ruwa cikin magudana. Matsin ya fi ƙarfin bangon, don haka in ta fashe zubar jinin kan fi ta kabanoma yawa.

Me Ke Sa Su Yawa a Kan Mutum Ɗaya?

Yawancin masu kabanoma guda ɗaya gare su, kuma ba gadonta suka yi ba. Amma kusan kashi 20 cikin 100 na masu ita gado ne, kuma su ne aka fi samu da ƙulli barkatai. An gano ƙwayoyin gado uku da ke da hannu, wato KRIT1 wadda aka tabbatar a 1999, da CCM2, da PDCD10. Ta ukun ta fi tsanani, takan bayyana tun ana yara. A jihar Niyu Meziko ta Amurka akwai iyalai masu yawa, jikokin Sifaniyawa, da suka gaji irin canji guda a ƙwayar KRIT1 daga kaka ɗaya, kuma an koyi abubuwa da dama game da cutar ta hanyar bin diddigin zuriyarsu.

Ya kamata a bambanta wannan gado da na sikila wanda muka fi sani. A sikila sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar kafin ɗa ya kamu. A kabanoma ta gado kuwa ɗaya daga cikin iyaye ya isa, kuma kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Gwajin jinin da ake yi kafin aure, mai nuna AA ko AS, ba ya nuna ta. Haka kuma mai irin ta gado yakan iya samun sababbin ƙulli yayin da shekaru ke tafiya. Ban da gado, wanda aka taɓa yi wa gashin ciwon daji a ka, musamman yana yaro, shi ma yakan iya samun kabanoma bayan shekaru.

Ita kuwa sarƙaƙiya da wuya ta wuce ɗaya. In an ga biyu ko fiye, likita yakan yi zargin wata cutar gado da ake kira HHT, wadda ke shafar kusan mutum 1 cikin 5,000. Babbar alamarta yawan haɓo da ke bin gida, tare da 'yan jajayen ɗigo a leɓe da harshe da yatsu. Ba kowane haɓo ba ne, domin a lokacin hunturu da bazara yara da yawa kan yi haɓo ba tare da wata cuta ba. Mai HHT akan duba huhunsa ma, saboda sarƙaƙiyar huhu takan iya jawo shanyewar jiki ko maruru a ƙwaƙwalwa.

Alamomi da Hanyar Ganowa

Alamar da ta fi yawa ita ce farfaɗiya, musamman wadda ta fara wa mutum da girmansa. Sai ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, da mutuwar hannu ko ƙafa, da karkacewar baki, da sarƙewar harshe, da gani bibbiyu, da jiri ko tangaɗi, da wahalar haɗiya. Sai dai a sani, yawancin masu farfaɗiya ba su da ƙulli, kuma a ƙasarmu hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Hoto ne kaɗai ke raba gardama.

Hoton CT yana nuna sabon jini da sauri, amma ƙananan kabanoma kan ɓuya masa. Hoton MRI shi ne ya fi, kuma a cikinsa kabanoma kan fito kamar ƙwayar gugguru da baƙin zobe a kewaye. Akwai wani salon ɗaukar MRI mai bin sawun tsatsar jini, wanda ke fito da ƙanana kamar ɗigon tawada, shi ya sa mutumin da aka ce yana da uku, in an sake ɗauka sai a ga ashirin. Ba ƙaruwa suka yi a dare ɗaya ba, na'urar ce ta fi gani. Ita sarƙaƙiya ana tabbatar da ita ne da hoton da ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu a tura ruwa mai haska hanyoyin jini, amma kabanoma ba ta fitowa a wannan hoto.

Akwai wani abin lura ga yankinmu. Tabo da yawa a hoton ƙwaƙwalwa yana iya zama ƙwan tsutsar alade, wadda ake ɗauka ta abinci ko ruwa da ya gurɓata ko da mutum bai taɓa cin naman ba. Yana iya zama curin tarin fuka, ko ciwon daji da ya yaɗu daga wani sashe na jiki. Kowanne maganinsa daban, don haka ƙwararre ya kamata ya karanta hoton.

Wanne Ne Ya Fi Haɗari?

A shekarar 2016 mujallar Lancet Neurology ta buga wani nazari da ya tattara bayanan masu kabanoma 1,620, aka duba yawan waɗanda suka sami zubar jini cikin shekara biyar. Abu biyu ne suka fito fili, wato inda ƙullin yake, da kuma ko ya taɓa zubar da jini ko raunana wata gaɓa. Wurin da ya fi haɗari shi ne kututturen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke haɗa ta da laka, inda ake sarrafa numfashi da haɗiya da motsin ido.

Ƙullin da ba a kututture yake ba kuma bai taɓa yin ɓarna ba, kashi 3.8 cikin 100 ne suka zubar da jini a shekara biyar. In yana kututture amma bai taɓa ɓarna ba, kashi 8. In ba a kututture yake ba amma ya taɓa yi, kashi 18.4. In kuwa yana kututture kuma ya taɓa yi, kashi 30.8. Mai karatu zai ga cewa ƙulli ɗaya da ya taɓa fashewa a mugun wuri ya fi abin damuwa a kan tarin waɗanda ke zaune shiru.

Hanyoyin Kulawa

Hanya ta farko ita ce sa ido. Ƙa'idojin kula da kabanoma da ƙwararru suka fitar a 2017 ba su goyi bayan yin tiyata a kan ƙullin da bai dami mutum ba, ballantana in yana wuri mai zurfi. Dalili kuwa a fili yake: kafin wuƙa ta kai ga ƙulli sai ta ratsa lafiyayyar ƙwaƙwalwa, kuma garin neman gira ana iya rasa ido. Mai ƙulli tara in aka ce a buɗe kansa sau tara, ɓarnar aikin za ta fi ta cutar, ga shi kuma in na gado ne wasu na iya fitowa daga baya. Sa ido yana nufin zuwa asibiti a kan lokaci, da sake hoto idan wata sabuwar alama ta bayyana ko likita ya ga dacewar haka.

Hanya ta biyu ita ce magani. Har yanzu babu ƙwayar da aka tabbatar tana narkar da ƙulli, don haka duk mai tallar maganin da zai wanke ƙwaƙwalwa kuɗinka yake so. Amma akwai magungunan farfaɗiya masu aiki, irin su carbamazepine da levetiracetam da phenobarbital. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in an gano cutar kuma an ba su maganin da ya dace. Bincike kuma yana ci gaba. A Italiya an gwada propranolol, wani tsohon maganin zuciya da hawan jini, a kan masu kabanoma ta gado, aka buga sakamakon a 2023. An ga bai cutar da su ba kuma akwai alamar amfani, sai dai mutanen ba su da yawa, don haka bai zama ƙa'ida ba, kuma ba abin da mutum zai saya a kemis da kansa ba ne.

Hanya ta uku ita ce tiyata, kuma ƙulli guda ake nufa, wanda ya yi laifi. Akan yi ta idan ƙullin ya zubar da jini kuma yana inda hannu zai kai ba tare da babbar ɓarna ba, ko idan farfaɗiya ta ƙi jin magani. Ga mai ƙulli da yawa, sai an yi gwajin EEG mai auna wutar ƙwaƙwalwa an gano wanne ne ke tayar da farfaɗiyar, in ba haka ba a cire marar laifi a bar mai laifi. Na kututture kuwa galibi sai ya maimaita zubar jini ake tunanin taɓa shi. Tiyatar da aka yi a kan ƙa'ida tana iya mayar da mutum bakin aikinsa. Ɗan tseren keken nan na Sifen, Alberto Contador, ya faɗi yana karkarwa a tsakiyar gasa a 2004, aka gano kabanoma aka yi masa aiki, kuma a 2007 ya lashe babbar gasar keke ta Faransa.

Hanya ta huɗu ita ce gashi da haske mai ƙarfi da ake tattarawa a kan ƙullin ba tare da an buɗe kai ba, fasahar da likitan Suwidin Lars Leksell ya assasa. Ta fi amfani ga ƙaramar sarƙaƙiya, kuma takan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin jijiyoyin su toshe. Ga kabanoma ta gado ba a son ta, saboda gudun kada hasken ya haifar da sababbin ƙulli. Sarƙaƙiya kuma akan iya toshe ta da wani irin danƙo da ake turawa ta bututu, sau da yawa a matsayin share fage kafin tiyata.

Ko a sarƙaƙiya ma gaggawa ba kullum take da riba ba. Wani gwaji mai suna ARUBA da aka buga a 2014 ya kwatanta mutum 223 masu sarƙaƙiyar da ba ta taɓa fashewa ba. A cikin kusan wata 33, kashi 10.1 na waɗanda aka bari a kan magani kawai ne suka mutu ko suka sami shanyewar jiki, a waɗanda aka yi wa aiki kuwa kashi 30.7. Likitocin tiyata da dama sun soki gwajin, suna cewa lokacin bibiyar ya yi kaɗan ga cutar da mutum zai zauna da ita tsawon rai, kuma har yanzu ana muhawara. Amma wadda ta riga ta fashe, galibi aiki ake yi mata.

Abin da Ke Hannun Mutanen Gida

Mafi yawan kulawar a gida ake yin ta. Maganin farfaɗiya kullum ake sha, ko da an yi wata shida ba a faɗi ba, kuma yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da mummunar faɗuwa. Mai niyyar azumi ya tattauna da likita a kan lokutan sha. Rashin barci da giya suna tayar da ciwon. A riƙa auna hawan jini, a bar taba. Asfirin da magungunan tsinka jini kada a fara su ko a daina su sai da izinin likita. Wanda faɗuwarsa ba ta lafa ba ya ajiye acaɓa da tuƙin mota, ya guji hawa bishiya, da leƙa rijiya, da wanka a rafi shi kaɗai, mace kuma kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu. Farfaɗiya ba abin rainawa ba ce, domin ita ta kashe shahararriyar 'yar tseren Amurka Florence Griffith Joyner cikin barci a 1998 tana da shekara 38, kuma binciken gawarta ya nuna kabanoma ce sanadi.

Idan mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a tallafi kansa da tsumma, a juya shi ya kwanta a gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a danne shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo, don haka babu dalilin gudu. In karkarwar ta wuce minti biyar, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko aka ga sabon rauni a gaɓa, ko amai da ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba, a nufi asibiti nan take.

Game da aure da haihuwa, mai wannan lalura yana aure yana haihuwa. Bincike bai nuna cewa juna biyu yana ƙara haɗarin fashewar kabanoma sosai ba, kuma mata da yawa suna haihuwa da kansu. Abin kiyayewa shi ne magani, musamman sodium valproate wanda ke iya nakasa ɗan tayi, don haka a sanar da likita tun kafin ɗaukar ciki. In an tabbatar na gado ne, a gaya wa 'yan'uwa na jini. Duk wanda ke da alama a cikinsu ya je a duba shi, marar alama kuwa ya nemi shawarar likita kafin ya kashe kuɗi a kan hoto.

Ina Za a Nufa Daga Agyaragu?

Matakin farko shi ne birnin Lafiya, tafiyar 'yan mintoci, inda babban asibitin da aka fi sani da Dalhatu Araf yake. Daga can ake samun takardar turawa. Ta Akwanga ana iya nufar Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko a bi ta Keffi zuwa Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A can Arewa akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato mai cibiya ta musamman don wannan aiki. Fannin ya daɗe a Nijeriya, tun 1962 da Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashensa a Ibadan, sai dai har yau likitocinsa sun yi wa yawan jama'a kaɗan.

Saboda haka tafiyar tana son shiri. A bincika ranar da likitan ke ganin marasa lafiya kafin a hau mota. A tafi da duk tsofaffin hotuna da faifansu da kwalayen magani, domin kwatanta hoton bara da na bana shi ke nuna ko wani ƙulli ya motsa. In da hali a ɗauki bidiyon faɗuwar da waya. A gaban likita kuma a yi tambaya ba kunya: "Likita, wanne ne daga cikinsu ke jawo ciwon? In an bar shi me zai faru, in an taɓa shi me zai iya faruwa?" Kafin a sayar da gona ko irin doyar baɗi, a ji ta bakin ƙwararre na biyu.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin bayyana ma'anar ƙullin jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, da dalilin yawansu ga wasu, da hanyoyin kula da su. Mun ga cewa wurin da ƙulli yake da tarihin zubar jininsa su ne ma'auni, kuma mutum na iya rayuwa da ƙulli goma yana noma yana kasuwa, matuƙar yana shan maganinsa yana komawa asibiti. Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, mu ne ake kira a gida mu karanta takardar asibiti mu fassara wa iyaye. Idan ranar ta zo, mu tambayi likita har sai mun gane, sannan mu isar da bayanin cikin harshen da tsohuwa za ta fahimta ta sami natsuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.